A ƘIDAYA JAKI DA AMALANKE!

'Yan'uwa, kafin a shimfiɗa gudro sai an aiko masu bincike. Su zauna bakin hanya da takarda, su ƙidaya kamiyo nawa ya wuce a yini. Inda ya yi yawa a zuba kuɗi. Inda babu, su rubuta: ba bukata.

To, muna tambaya: garin da gulbi ke yanke wa hanya duk damana, ta ina kamiyo zai bi har a ƙidaya shi? Rashin hanya ya hana mota, rashin mota ya hana hanya!

Amma in manya na so, kuɗi na samuwa. Uraniyom ya samu gudro daga Tawa har Arlit. Dogon Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, an buɗe shi a 2016, bai kai geron talaka kasuwa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ran kasuwa kowane reshe ya tsai da mutum biyu bakin gari. A ƙidaya jaki, amalanke, mai kaya a ka, da mai naƙuda da ake kaiwa likita. A rubuta, a aiko biro. Da lissafinmu za mu tare su!