Zaɓen Manhajar Rubutu a Kwamfutar Hannu

Tun da kamfanin Apple ya fito da iPad a shekarar 2010, kwamfutar hannu mai siffar allo ta ci gaba da shiga ɗakunan karatu na jami'o'i da kwalejoji. A yau ɗalibi kan riƙe ta da alƙalaminta ya ɗauki darasi, ya buɗe littafin da aka tura masa, ya yi ta sharhi a gefen shafi. Wannan ba baƙon abu ba ne a al'adarmu, domin malaman zaure sun daɗe suna rubuta fassara da ƙarin bayani da ajami a gefen littattafan Larabci. Abin da ya sauya shi ne kayan aiki. Sai dai ɗalibai da dama kan zaɓi manhajar rubutu don kyawun launukanta ko don sun ga abokansu na amfani da ita. A ganina wannan kuskure ne, kuma ɗalibi ne zai ɗanɗana kuɗarsa ranar jarrabawa.

Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ko manhajar tana karɓar rubutun hannu sosai. A shekarar 2014, masu bincike biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun lura cewa ɗaliban da ke buga darasi a kwamfuta sun fi kwafe maganar malami kalma bayan kalma. Mai rubutu da hannu kuwa ba ya iya bin saurin baki, don haka dole ya tace, ya taƙaita da kalmominsa. Ga ɗalibin Hausa akwai wani dalili kuma. Alƙalami ba ya ƙin ƙ da ɗ da ɓ, ba ya ƙin alamomin karin sauti da tsawon wasali, haka nan ajami. Wanda zai buga kuwa sai ya tanadi madannai irin Gboard mai haruffan Hausa, in ba haka ba “ƙasa” ta koma “kasa”.

Abu na biyu shi ne iya aiki a kan takardun PDF, domin yawancin littattafai da maƙalu a wannan tsari suke zuwa. Samsung Notes, wadda ke zuwa kyauta a kwamfutocin Samsung, tana buɗe su a ja layi a yi sharhi. GoodNotes da Notability ma sun shahara da wannan, har Notability tana naɗar muryar malami ta haɗa da abin da aka rubuta. Ita kuwa OneNote ta Microsoft kyauta ce, kuma tana aiki a na'urori iri-iri.

Abu na uku, wanda shi ne ginshiƙi, shi ne mallakar abin da ka rubuta. A shekarar 2021 Notability ta koma tsarin biyan kuɗi na shekara-shekara, sai da tsofaffin masu amfani da ita suka yi ƙorafi kafin ta sassauta masu. A ƙarshen 2023 Evernote ta taƙaita masu amfani da ita kyauta ga rubutu 50 kacal. Darasin a fili yake: kamfani na iya sauya sharuɗɗansa a kowane lokaci. Saboda haka kada ɗalibi ya amince da manhajar da ba ta barin sa fitar da rubutunsa a matsayin PDF ya adana a wani wuri. Haka kuma ya tabbatar tana buɗuwa ba tare da intanet ba, ganin halin da muke ciki na tsadar data da ɗaukewar wuta.

Wani zai ce ai littafin rubutu da biro sun wadatar. Gaskiya ne, kuma wanda bai da halin sayen na'ura bai rasa ilimi ba. Amma wanda ya saya, ya gwada manhaja ɗaya ko biyu na mako guda, ya tsaya a kan wadda ta dace da karatunsa. Mai shirin zama malami zai buƙaci waɗannan rubuce-rubuce lokacin gwajin koyarwa, da ma shekaru bayan kammala karatu. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.