Dattin Inji Ba Ya Ɓacewa, Ƙaura Yake Yi



Tsadar mota ta sa mun koma lallaɓa tsofaffi. Duk wanda ya ratsa garejojin Fagge da Sabon Gari zai ga Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, da a-kori-kura, da tsohuwar Vespa, an sauke musu inji ana son a dawo da su kan titi. Wannan abin alfahari ne. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki a 1975, ga shi har yau hannun bakanikenmu yana riƙe da abin da ta ƙera. Sai dai akwai mataki guda a aikin da muke raina shi, alhali shi ne ya fi taɓa lafiyar jama'a: wankin inji.

Ba ma cewa a daina wanki. Injin da ya shekara talatin yana tara baƙin mai da ƙurar hunturu, sai an wanke shi kafin a ga inda ya tsage, da inda mai yake yoyo. Wanda ya ɗaura sabon gasket a kan datti, kuɗinsa ya zubar. Tambayarmu ita ce: da me ake wankewa, wa yake wankewa, kuma ina dattin yake tafiya?

Da me? Sau da yawa da fetur, saboda yana narkar da maiƙo nan take. Amma tururin fetur yana kama wuta ko da sanyin Janairu, balle a zafin Afrilu da Kano ke kaiwa digiri 40. Tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya je ya iske mai walda ko mai shan sigari a can gefe. Kananzir da gas ba sa kamawa da sauri haka. Sannan a cikin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo cutar dajin jini.

Wa yake wankewa? Ba maigida ba. Yaron gareji ne, ɗan shekara sha biyu ko sha huɗu, hannu tsirara cikin daro tun safe. Fata na shan abin da aka tsoma ta a ciki. Da azahar ya goge hannun da tsumma ya ci gurasa. Iyayensa sun kawo shi ya koyi sana'a ne, amana ce a wuyan wanda ya karɓe shi.

Ina dattin yake tafiya? Cikin kwata. Kwatocin wannan yanki kuwa Jakara suke gangarawa, ita kuma ta bi ta Kwakwaci, ta haɗu da Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta ƙare a madatsar Wasai ta Minjibir. A gaɓar wannan ruwa ake noman latas da kabeji da alayyahun da ke dawowa kasuwanninmu. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi ƙiyasin cewa galan ɗaya na baƙin mai yana iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. Ashe abin da muka kankare daga inji, a kwanon abinci muke sake gamuwa da shi.

Wani zai ce bakanike neman na tuwo yake, ina ya ga kuɗin kayan zamani? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba ma maganar injin wanki na miliyoyi. Gyaran da muke nufi yana rage kashe kuɗi ne, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023.

A fara tsiyaye man injin cikin jarka. Baƙin mai yana da masu saye, to me zai sa a zubar da kuɗi a kwata? A kankare busasshen datti da ƙarfe da burushi tun kafin a jiƙa komai, wannan kaɗai zai rage yawan abin wankin. A yanka tsohuwar duro gida biyu, a yi wankin a ciki da kananzir ko gas. Idan aka bar shi ya kwana, laka za ta kwanta, a tace na sama a sake amfani da shi gobe. A ƙarasa da ruwan zafi da omo, a busar, a shafa sabon mai kada tsatsa ta kama. Kada a sa sodar yin sabulu a kan alminiyam, cinye shi take yi. Idan injin yana jikin mota, a cire kan batir, a rufe kafireto da kayan wuta da leda, a kuma bari ya huce. A ajiye buhun garin katako don tsane abin da ya zube. A saya wa yaro safar hannu ta roba.

Mu masu kai gyara ma da namu laifin. Mu ne ke tsayawa a kan bakanike muna cewa a yi sauri, muna ƙin biyan ladan wanki kamar ba aiki ba ne. Wanda ke son inji ya yi ƙyalli, ya biya kuɗin kananzir da safar hannu, ya kuma tambayi inda za a kai dattin.

Muna kira ga shugabannin ƙungiyar makanikai ta NATA da ƙaramar hukumar Fagge su zauna su ware wa kowane rukunin gareji duron tara baƙin mai, a haɗa su da masu saye. Dokar da 'yan sana'a suka kafa wa kansu ta fi wadda aka aiko daga ofis tasiri, domin yaro maganar maigidansa yake ji.

Gwanintar da ta iya tayar da motar da ta girmi mai tuƙa ta ba za ta gaza tare lita biyar ta mai ba. Allah Ya sa albarka a sana'a, Ya kare yaranmu.