In Koriya ta Gaisa da Koriya, Wa Ke Rasa Barci?

Ranar 27 ga Afrilun 2018, Kim Jong-un na Koriya ta Arewa ya tsallake wani ɗan dakalin siminti a ƙauyen Panmunjom, ya kama hannun Moon Jae-in na Koriya ta Kudu. Da maraice aka yi liyafa. Cikin abin da aka kawo har da wani kayan zaƙi na mangwaro, an ɗora masa taswirar Koriya guda, babu layi a tsakiya. A gabashin taswirar akwai ɗan ɗigo. Saboda wannan ɗigo ma'aikatar harkokin wajen Japan ta kai ƙorafi tun kafin a zauna cin abincin, domin yana nuna wasu tsibiran duwatsu da Koriyawa ke kira Dokdo, Japanawa ke kira Takeshima, kowa na cewa nasa ne. Seoul da Pyongyang ba sa ga-maciji da juna a kusan komai, amma a kan Dokdo bakinsu ɗaya. Tokyo ta gane karatun.

Wannan jarida na ganin duk mai son gane siyasar gabashin Asiya ya dubi abin da maƙwabta ke yi ranar da Koriyoyin biyu suka yi wa juna murmushi. Lokacin da suke zage-zage, kowa ya san inda ya tsaya. Ranar sulhu ce ake ganin manya suna kai-komo kamar an yi gobara.

Dalilin yana cikin taswira. Koriya ziri ce da ta miƙa cikin teku, Sin na bayanta, Rasha na wata kusurwa, Japan na tsallaken ruwa. Sin da Japan sun gwabza a kanta daga 1894 zuwa 1895. Bayan shekara goma Japan ta sake gwabzawa da Rasha, a 1910 kuma ta haɗiye ƙasar, ta riƙe ta shekara 35. A watan Agustan 1945 wasu hafsoshin Amurka biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka duba taswira cikin dare suka zaɓi layi na 38: arewa ga Tarayyar Sobiyet, kudu ga Amurka. Ba a tambayi mutanen ƙasar ba. Wanda ke da kawu a Maraɗi da gwaggo a Katsina ba sai an yi masa dogon bayani ba. Yaƙin da Arewa ta tayar a Yunin 1950 ya ci miliyoyin rayuka, kuma takardar tsagaita wutar da ta dakatar da shi a 1953 na ɗauke da sa hannun rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya ƙarƙashin Amurka, da Koriya ta Arewa, da Sin. Kudu ba ta sa hannu ba. Har yau ba a ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya ba, saboda haka ko a takarda rigimar ba ta 'yan gida kaɗai ba ce.

Halin da Sin ta nuna a 2018 shi ne ya fi fito da maganar fili. Kim ya hau mulki a Disambar 2011, ya shafe fiye da shekara shida bai ga shugaban Sin Xi Jinping ido da ido ba. A 2013 ya sa aka kashe mijin gwaggonsa, Jang Song-thaek, wanda ake ɗauka shi ne na hannun daman Beijing a fadar. Xi ya rama da nasa salon: a Yulin 2014 ya sauka Seoul tun bai taka Pyongyang a matsayin shugaban ƙasa ba. A 2017 Sin ta goyi bayan takunkuman da suka hana Arewa sayar da kwal da tufafi, suka taƙaita mata mai. Sai ga 'yan wasan Koriyoyin biyu sun shiga fili ƙarƙashin tuta guda a gasar Olamfik ta hunturu a Pyeongchang, a Fabrairun 2018. Farkon Maris aka sanar cewa Donald Trump ya yarda ya gana da Kim. Watan bai ƙare ba sai ga koren jirgin ƙasan Kim a tashar Beijing. Daga nan zuwa Yunin 2019 mutanen biyu sun gana sau biyar, kuma jirgin saman da ya kai Kim Singapore don ganawa da Trump aron kamfanin Air China ne.

Fushin shekara shida bai narke cikin mako uku don ƙauna ba. Sin na da iyakar kusan kilomita 1,400 da Koriya ta Arewa, Amurka kuma na da soja kimanin 28,500 a Kudu. Beijing ba ta manta da 1950 ba, lokacin da sojan Amurka suka doshi kogin Yalu da ke kan iyakarta har ta tura nata, ɗan Mao Zedong ma ya mutu a can. Abin da take tsoro shi ne Koriya guda, mai ƙawance da Washington, a ƙofar gidanta. Sanarwar da Kim da Moon suka fitar a Panmunjom ta ce za a tattauna kawo ƙarshen yaƙin tsakanin ɓangarori uku ko huɗu. Wannan “ko” ɗin, ma'anarsa ana iya yi ba da Sin ba.

Duk da haka Sin ta ci ribar sassaucin. A Singapore, ranar 12 ga Yuni, Trump ya ce zai dakatar da manyan atisayen soja da Kudu, abin da ministan harkokin wajen Sin, Wang Yi, ya nema tun 2017. Kowane sauƙi tsakanin Seoul da Pyongyang na rage hujjar girke soja da na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami irin THAAD, waɗanda Sin ta huce haushinsu a kan shagunan kamfanin Lotte na Kudu da kasuwar yawon buɗe idonta. Abin da Beijing ke so ke nan: a daina harbe-harbe, a bar katangar a tsaye.

Japan ce aka bari a bakin ƙofa. A Agusta da Satumbar 2017 makamai masu linzami na Arewa sun ratsa sararin tsibirin Hokkaido, aka kaɗa jiniya, aka ce mutane su fake. Firaminista Shinzo Abe ya zama kan gaba wajen kiran a matsa wa Pyongyang lamba, ya kuma jingina da Trump sosai. Kwatsam iska ta juya. Moon ya ga Kim, Xi ya gan shi, Trump ya gan shi, Vladimir Putin ma ya karɓe shi a Vladivostok a Afrilun 2019. Abe ya fito a Mayun shekarar ya ce a shirye yake ya gana ba tare da wani sharaɗi ba. Har ya sauka daga mulki ba a kira shi ba. Damuwar Tokyo tana da tushe: Amurka na iya sasantawa a kan makaman da ke kaiwa ƙasarta, a bar masu matsakaicin zango da ke kallon Japan. Ga kuma batun 'yan ƙasarta da jami'an Arewa suka sace a shekarun 1970 da 1980, wanda babu firaministan da zai iya ajiye shi gefe.

Akwai wata damuwar da ba a cika faɗa a bainar jama'a ba. Koriyoyin biyu in sun haɗu mutanensu sun haura miliyan 75, kuma abin da ya fi haɗa zukatansu shi ne tuna mulkin mallakar Japan. A daidai lokacin da Moon ke hawan dutsen Paektu da Kim, dangantakarsa da Tokyo na rubewa. A Oktoban 2018 kotun ƙolin Kudu ta umarci wani kamfanin ƙarafa na Japan ya biya mutanen da aka yi wa aikin dole lokacin yaƙi. A Yulin 2019 Japan ta taƙaita sayar wa Kudu wasu sinadarai uku da masana'antun lantarki ke buƙata, mutanen Seoul kuma suka ƙaurace wa giyar Japan da tufafinta.

Rasha a lokacin burinta na kasuwa ne: layin dogo daga Busan ta Kudu ya haɗe da na Saberiya, da bututun gas da zai ratsa Arewa. Amurka kuwa, duk da teku ya raba ta da yankin, makulli na hannunta. A Agustan 2018, da Kudu ta so tura jirgin ƙasa don duba layukan dogon Arewa, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya da janar na Amurka ke jagoranta ta hana shi tsallakawa. An yi bikin aza harsashin haɗa layukan a Disamba, amma takunkumi bai bari aiki ya fara ba.

Sauran labarin gajere ne. Taron Hanoi na Fabrairun 2019 ya watse: Kim ya miƙa cibiyar nukiliya ta Yongbyon don a ɗage masa manyan takunkumi, Trump ya ce bai isa ba. Ranar 16 ga Yunin 2020 Arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna da ke Kaesong da nakiya. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare kan samu wurin shiga. A Agustan 2023 Amurka ta zaunar da shugabannin Japan da Kudu a Camp David, abin da ta daɗe tana nema ya gagara. A Yunin 2024 Putin ya je Pyongyang ya ƙulla yarjejeniyar kare juna, kafin ƙarshen shekarar kuma sojan Koriya ta Arewa na fagen daga a yankin Kursk na Rasha. Kim ya riga ya shelanta cewa Kudu ba 'yar'uwa ba ce, abokiyar gaba ce, ya rushe dogon ginin tunawa da haɗin kai da aka gina zamanin mahaifinsa, ya fasa hanyoyin da ke haɗa ɓangarorin. Ranar 3 ga Satumbar 2025 an gan shi a faretin Beijing tare da Xi da Putin.

Ba daidai ba ne a ɗora wa maƙwabta dukkan laifin. Gwamnatin da ta gwada bam ɗin nukiliya sau shida tsakanin 2006 da 2017 ita ta jawo wa kanta takunkumin da ya tare jirgin ƙasan. Amma tarihin yunƙurin farko na da abin koyi. Kafin shugaban Kudu na lokacin, Kim Dae-jung, ya je Pyongyang a Yunin 2000, sai da ya fara zuwa Tokyo a Oktoban 1998, ya sasanta da Firaminista Keizo Obuchi. A shekarar ce attajiri Chung Ju-yung, wanda ya kafa Hyundai, ya tsallaka da shanu 1,001 zuwa Arewa, inda aka haife shi. Yana saurayi ya ɗauki kuɗin saniyar mahaifinsa ya gudu birni. Bayan taron 2000 Putin ya je Pyongyang, sakatariyar harkokin wajen Amurka Madeleine Albright ta je, a 2002 Junichiro Koizumi na Japan ya je, biyar daga cikin mutanen da aka sace suka koma gida. Kowa ya samu kujera, kuma rukunin masana'antun Kaesong da aka buɗe a 2004 ya yi aiki har 2016, da kamfanonin Kudu sama da 120 da ma'aikatan Arewa fiye da 50,000. Sulhun Moon, wanda ya raina Tokyo ya dogara da son ran Trump, bai cika shekara biyu ba.

Shugaba Lee Jae-myung na Kudu, da aka zaɓa a Yunin 2025, ya kashe lasifikokin farfaganda da ke kan iyaka don a samu hanyar magana. Ra'ayin wannan jarida shi ne ya yi daidai, amma in har zai sake ƙwanƙwasa ƙofar Pyongyang, to ya bi ta Tokyo da Beijing tukun, ya kuma fara da buƙatar da ba ta jiran sa hannun kowa: a bar tsofaffin da yaƙi ya raba su ga juna. Fiye da mutum 130,000 ne suka yi rajista a Kudu suna neman danginsu, kuma mafi yawansu sun rasu suna jira. Haɗuwa ta ƙarshe an yi ta ne a dutsen Kumgang a Agustan 2018. A Fabrairun 2025 gwamnatin Seoul ta sanar cewa Arewa ta fara rushe ginin da aka keɓe don irin wannan haɗuwa.