Hutu Ba Ɗaya Ba Ne

Mutane da yawa suna zaton idan an ce "ranar hutu", ƙasa duka ce take kwanciya rana ɗaya, ta tashi rana ɗaya. Ba haka abin yake ba. Ni mutumin Tsaskiya ne, cikin ƙaramar hukumar Safana, kuma tun da na shigo makarantar kwana nake lura da yadda wannan zato yake sa iyayenmu asarar kuɗin mota, yake kuma sa mu ɗalibai tafiyar yamma a hanyar da ba ta son yamma. Shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ra'ayina, ko Allah ya sa a duba.

Da farko akwai hutun Gwamnatin Tarayya, wanda ministan harkokin cikin gida yake sanarwa. Waɗansu ranakunsa ba su motsi: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 12 ga Yuni, 1 ga Oktoba, da 25 da 26 ga Disamba. Ko su ma sai an yi hattara, domin har yanzu akwai dattijan da suke lissafi da 29 ga Mayu, alhali kuwa tun 2019 ranar dimokuraɗiyya ta koma 12 ga Yuni. Sauran kuwa masu yawo ne, watau Ista da Sallah Ƙarama da Babbar Sallah da Mauludi.

Shekarar wata kwana 354 ce, ko da ƙarin ɗaya, saboda haka Sallah takan matso gaba da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara. An yi Babbar Sallah ran 28 ga Yuni a 2023, ran 16 ga Yuni a 2024, ran 6 ga Yuni a 2025. Duk manomi ya san abin da watan Yuni yake nufi a wajenmu: shuka ce da noman farko. Hakin gona bai san jajibere ba. Wanda ya ce sai bayan Sallah zai je neman taki, ya tarar an rufe ofis, ruwa kuma ya riga ya sauka, to, ya san bana ta fara da gardama.

A 2025 ɗin ma abin ya haɗu. An ba da hutun Sallah ran Juma'a 6 ga wata da Litinin 9 ga wata, sai ga 12 ga Yuni ta faɗo ran Alhamis. Makon nan duka kwana uku rak aka yi aiki, Talata da Laraba da Juma'a, kuma kowa ya san yadda aikin ofis yake ran Juma'a. Mai neman takardar shaidar ƙaramar hukuma ko mai zuwa banki a Dutsin-Ma, in bai yi wannan lissafi ba, ya biya kuɗin mota sau biyu.

Babbar Sallah tana da sauƙi, domin da zarar an ga watan Zulhajji kowa ya san saura kwana tara. Sallah Ƙarama ce mai rikitarwa. Ba wanda yake da tabbacin ranarta sai daren ashirin da tara ga azumi, sa'ad da Mai Alfarma Sarkin Musulmi zai ba da sanarwa daga Sakkwato. Gwamnati kuwa dole ta faɗi hutu kafin nan, watau ita ma kirdado take yi. A 2024 ta ba da Talata 9 da Laraba 10 ga Afrilu. Da ba a ga wata ba, aka cika azumi talatin, Sallah ta koma Laraba, sai aka ƙara Alhamis 11 ga wata. Wanda ya shirya komawa bakin aiki ko kai marar lafiya ganin likita ran Alhamis ɗin nan, sai ya sake shiri.

A wannan shekarar dai, 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar tun ran Talata suka sha ruwa. Haka ma a 2022, su Lahadi 1 ga Mayu, mu Litinin 2 ga Mayu. Daga Jibiya zuwa Maraɗi ba wata tafiya ba ce, aure da ciniki sun haɗa mu, amma sai mai azumi ya tsallaka iyaka ya tarar ana cin tuwon Sallah. Su kuma suna da nasu ranakun da ba ruwanmu da su, kamar 3 ga Agusta ta samun 'yancin kai da 18 ga Disamba ta kafa jamhuriya. Ɗan kasuwar da yake da takarda a ofishinsu ya kamata ya riƙe waɗannan a ka.

Sannan ga hutun jihohi. Jihohin Arewa da dama, har da tamu, sukan ba da hutun 1 ga Muharram, ranar shiga sabuwar shekarar Musulunci. Kano tana da Takutaha, mako ɗaya bayan Mauludi. A 2023 jihohin Legas da Ogun da Oyo da Osun sun ba da hutu saboda bikin gargajiyar Yarbawa mai suna Isese, wanda ranarsa ita ce 20 ga Agusta. A watan Disamba na 2021 Jihar Kaduna ta mayar da aikin ofisoshinta kwana huɗu a mako, ban da Juma'a. Irin wannan hutu galibi ofisoshin jiha da makarantunta yake rufewa, banki da ofishin tarayya suna nan buɗe. A azumin 2025 kuma Katsina da Kano da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu, yayin da ɗaliban Kudu suke cikin aji, ga shi kuwa jarrabawar WAEC iri ɗaya za a ajiye wa kowa. Wannan magana ce ta wata rana.

To, me ya kamata a yi? Ga iyayenmu, roƙona shi ne a riƙa lissafi da ranar farko da Sallah za ta iya faɗowa, ba ta biyu ba. Duk abin da ya shafi banki, ko asibiti, ko sakatariya, ko ɗinki, a gama shi kafin 25 ga azumi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yayyenmu da suke ci-rani a Legas da Fatakwal, da masu kai raguna Kudu, su ma sun san cewa kwana biyu kafin Sallah kuɗin mota yakan hau, a cusa mutum kamar buhun gero, direba kuma yana gudu domin ya juyo ya sake lodi. Tasowa da wuri ya fi arha, ya fi lafiya.

Babbar maganata kuwa ga hukumomin makarantun kwana take. Sau da yawa akan jira sanarwar gwamnati kafin a sallami ɗalibai, sanarwar kuma takan zo a ƙurarren lokaci. Kafin a yi taro, a share ɗakunan kwana, a buɗe ƙofa, rana ta take tsaka. Ɗan cikin gari bai damu ba, ya hau babur minti goma yana gida. Amma ɗan Tsaskiya ko Runka ko ƙauyukan Batsari sai ya shiga mota biyu ko uku, ya zauna a tasha ana jiran ta cika. Mu da muke gefen Dajin Rugu ba sai an gaya mana abin da ya sa ba a son magariba ta riski mutum a hanya ba. Shekarun baya sun koya mana. Uwa tana tsaye bakin zaure tana duban hanya, ba ta da wani hutu sai ta ga ɗanta.

Wani zai ce idan aka sallame mu da wuri karatu zai ragu. Gaskiya ne, kuma ni ma ba na son a ci mana lokacin darasi. Amma wane karatu ake yi ranar jajibere? Littafi yana buɗe, hankali yana tasha. Ana iya biyan wannan rana da Asabar ɗaya bayan an dawo, kuma na tabbata 'yan ajinmu za su yarda. Wani kuma zai ce shugaban makaranta ba shi da ikon ba da hutun da ma'aikatar ilimi ba ta ba da ba. To, a nemi izinin tun farkon zango, tunda malamin lissafi da malamin addini suna iya zama su fitar da ranaku biyun da Sallah ba za ta wuce su ba.

Abin da nake nema bai fi uku ba. A manna jadawalin hutu na tarayya da na jiha a allon sanarwa tun makon farko, da ranar Turawa da ta wata gefe da gefe, a kuma ba kowa kwafi ya kai gida. A sallami 'yan nesa kwana biyu kafin Sallah, da ƙarfe bakwai na safe, bayan karin kumallo. Ranar dawowa kuma kada a sa ta washegarin Sallah, lokacin da direbobinmu da kansu suke yawon gaishe-gaishe, rabin gari kuma ya tafi Katsina kallon Hawan Bariki.