Bolin a Abuja, sanuka a Titin Bauchi: Darasi ga masu tsara harkar wasanni

Ma'aikacin da ya tashi daga sakatariyar tarayya ranar Juma'a da yamma, idan aljihunsa da nauyi, yana iya kai iyalinsa ɗaya daga cikin wuraren shaƙatawar Abuja su yi wasan bolin. Wasa ne da ake mirgina ƙwallo mai nauyi a kan shimfiɗa mai santsi, tsawon ƙafa 60, domin a kayar da sanduna goma da aka jera a ƙarshenta. Amma idan ma'aikacin nan ya je Jos, ya bi Titin Bauchi daga tashar mota zuwa ƙofar Jami'ar Jos, abin da zai fi cin karo da shi shi ne teburan sanuka a ƙarƙashin rumfunan kwano da gidajen kallon ƙwallo. Mai gaggawar yanke hukunci zai kira wannan ci baya. Tarihin wasan kansa bai goyi bayansa ba.

Ko a Amurka, inda bolin ya fi shahara, farin jininsa ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Ya yi ƙarfi a birane irin su Milwaukee, inda Jamusawa 'yan ci-rani suka zo da al'adarsa, da Detroit, inda ma'aikatan masana'antun mota suka kafa ƙungiyoyin gasa. Tsananin sanyin hunturu ya sa jama'a neman wasan cikin ɗaki. A arewa maso gabashin ƙasar an fi son wani nau'i mai siraran sanduna da ya samo asali a Worcester a 1880, a Kanada kuma an ƙirƙiro mai sanduna biyar a Toronto a 1909. Kowane yanki ya ɗauki abin da ya dace da yanayinsa da aljihun mutanensa.

Jos ma tana da irin wannan tarihi. Turawan haƙar kuza ne suka kafa filin golf na Rayfield a 1913, kuma bayan fiye da shekara ɗari wasan bai fita daga hannun masu hali ba. Ƙwallon ƙafa kuwa, da ba ta buƙatar komai sai fili da duwatsu huɗu, ta shiga kowace unguwa. Mighty Jets ta Jos ce ta lashe gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta lashe a 2017, kuma a garin aka haifi Mikel Obi da Ahmed Musa.

Bolin na buƙatar babban gini, da injin jera sanduna, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da kayan gyara da ake saye da dala. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya tsaya a naira 70,000 tun 2024, ba abin mamaki ba ne wasan ya zauna a Abuja da Legas. Ɗan kasuwar da ya ga riba a buɗe irin wannan wuri a Jos, babu mai hana shi. Kuɗin gwamnati ne bai kamata ya bi sha'awar babban birni ba.

Akwai abin da ya fi injin daraja a tarihin bolin. A littafinsa na shekarar 2000, masanin siyasa Robert Putnam ya nuna cewa masu wasan a Amurka sun ƙaru, amma masu yinsa cikin ƙungiya sun ragu ƙwarai, kuma ya ɗauki hakan alamar raunin zumunci a tsakanin jama'a. Wato amfanin wasan yana cikin haɗuwar mako-mako da ke tilasta wa mutane sanin juna.

Wannan ne Jos ta fi buƙata. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin garin bisa addini, har aka samu matasan da suka girma ba su taɓa wasa da takwarorinsu na ɗaya ɓangaren ba. Titin Bauchi na cikin wuraren da ɗalibai da direbobi da 'yan kasuwa daga kowane ɓangare ke gogayya kullum. Gasar unguwanni da aka tsara da kyau a irin wannan wuri za ta yi aikin da tarukan zaman lafiya a otal ba su yi ba.

Iyaye da malamai na kukan cewa wasu rumfunan sanuka sun zama matattarar caca da shaye-shaye, kuma kukan nasu yana kan hanya. Sai dai rufe rumfa ba ya mayar da matashi gida, wani lungun yake komawa. Rajista da ƙayyade lokaci da sa idon dattawan unguwa sun fi kai samame amfani.

Tun da aka soke Ma'aikatar Wasanni a watan Oktoban 2024 aka miƙa ayyukanta ga Hukumar Wasanni ta Ƙasa, an samu damar sake lale. Mataimakan 'yan majalisa da jami'an da ke rubuta ayyukan mazaɓu su fara da tambayar abin da jama'ar wuri ke bugawa. A wani gari dambe ne ko kokawa, a wani langa ko dara. A Titin Bauchi, filin makaranta da aka daidaita, da fitilu masu aiki da hasken rana, da kofin da unguwanni za su riƙa fafatawa a kai duk shekara sun isa a fara da su, kuma ya kamata a gan su a kasafin kuɗi mai zuwa.