Ra'ayin Mai Kallo: Wace Hausa Muke Bar Wa 'Ya'yanmu?



Daren Asabar ina zaune da iyalina a Kubwa, muna kallon wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, sai na ji jarumin yana yi wa mahaifiyarsa magana, rabi Hausa rabi Turanci. Abin ya dame ni, domin mu mazauna Abuja, 'ya'yanmu Turanci suke ji a makaranta da unguwa. In ban da bakin iyaye, talabijin ce malamarsu ta Hausa.

Na tuna da fim ɗin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kowace magana a cikinsa an auna ta. Na tuna da marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Shi ma yakan karya Hausa, amma da gangan, irin ta barikin soja, kowa kuwa ya san raha ce.

Ba na cewa na yanzu duka sun gaza. Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna yadda talaka ke magana a kasuwa da zaure. Labarina na Aminu Saira ya iya riƙe mai kallo.

Roƙona ga marubuta shi ne su tace harshe kamar yadda suke tace hoto. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.