Launin da Ke Ɓoye Kuɗi: Daga Teburin Las Vegas Zuwa Wayar Matashin Dosara

A Amurka da Turai akwai masu sha'awa da kan kwashe makonni suna shawarar launin ƙwandalolin caca da za su saya domin gasar karta irin ta foka a gidajensu. Wannan ya ce kore da baƙi suna sajewa idan fitila ta yi rauni, wancan ya ce a raba su da ratsin ruwan ɗorawa a gefe. Wasu ma tara ƙwandalolin tsofaffin gidajen caca suke yi, tamkar masu tara tsofaffin kuɗi. Ɗan boko a Gusau ko Abuja zai iya jin wannan ya yi murmushi, ya ce rashin aikin yi ne na masu ƙoshi. To, kuskure ne babba. Waɗannan launuka su ne tushen dabarar da a yau ke yashe aljihun matasan Zamfara, jihar da ta yi shelar haramta caca.

Ga yadda tsarin yake. A yawancin gidajen caca na Amurka, farar ƙwandala dala 1 ce, ja dala 5, koriya dala 25, baƙa dala 100, mai ruwan shunayya dala 500. Jihar New Jersey ma ta rubuta launukan a cikin ƙa'idojinta. Amfanin da ake faɗa a fili shi ne saurin lissafi: mai rabon karta da kyamarar tsaro su gane darajar tari da kallo ɗaya. Amfanin da ba a cika faɗa ba ya fi wannan girma. Mutumin da zai yi jinkiri kafin ya zaro takardar dala ɗari daga aljihunsa ba ya jin komai idan ya tura baƙin faifai ɗaya tsakiyar tebur. Masana irin su Drazen Prelec da George Loewenstein sun yi rubutu tun 1998 kan raɗaɗin da mutum ke ji a lokacin biya, da yadda raɗaɗin ke raguwa idan an nesanta biyan daga tsabar kuɗi. A 2012 Natasha Dow Schüll ta fitar da littafinta Addiction by Design, inda ta nuna cewa injinan caca na Las Vegas an ƙera su ne da gangan domin mai wasa ya manta da lokaci, ya manta da kuɗi.

Ƙwandalar kanta ba ta da wata daraja sai wadda mai gida ya ba ta. A Disambar 2010 wani ɗan fashi ya shiga gidan caca na Bellagio da bindiga, ya kwashi ƙwandaloli na kusan dala miliyan ɗaya da rabi, ya tsere a kan babur. Gidan ya sanar da janye samfurin ƙwandalar dala 25,000, ɓarawon ya rasa inda zai kai mafi yawan kayan, aka cafke shi a farkon 2011 yana neman mai saye. Darasin a fili yake: wanda ya mallaki launin shi ya mallaki kuɗin.

Yanzu a dawo gida. Daga Bakura Ahmad Sani Yarima ya fito, wanda ya ƙaddamar da Shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Daga Talata Mafara Abdul'aziz Yari ya fito, daga Maradun kuma Bello Matawalle. Yankin da ya ba jihar gwamnoni uku bai isa ya ce bai san hukuncin caca ba, balle ga ayoyin Suratul Baƙara da Suratul Ma'ida da kowane almajiri ya haddace. Sai dai tunanin wancan zamani ya ɗauki caca a matsayin wuri: rumfa a bayan kasuwa, tabarma, karta, da tarin kuɗi a tsakiya. An rushe rumfar, an naɗe tabarmar, aka ce an gama. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Yau rumfar tana cikin waya. Matashin da ya sayar da buhun shinkafar da ya noma a kadadar Bakolori, kuɗin kan shigo masa ta asusu, ya tura su cikin manhajar cacar ƙwallo, su rikiɗe su zama lamba a kusurwar allo. Koren maɓalli na kiransa, jan rubutu na gaya masa saura kaɗan ya ci. Bai taɓa takardar naira ko ɗaya ba, saboda haka bai ji zafin rabuwa da ita ba. Ƙwandalar Las Vegas ce ta sake kama, kuma ta fi ta asali sharri, domin ba ta buƙatar tafiya, ba ta buƙatar dare, ba ta jin kunyar idon maƙwabci.

Masu kāre gasar foka ta gida kan ce ƙwandalar gasa ba kuɗi ba ce, maki ne kawai. Haka ne a kan tebur. Amma kowa ya biya kuɗin shiga kafin a miƙa masa tarinsa, kuma wanda ya tattare ƙwandalolin shi ke tashi da kaso mafi tsoka. A kwatanta da darar da dattawa ke bugawa a gindin bishiya a Dosara ko Maradun: gurbi talatin, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Bambancin 'ya'yan dara yana nuna mai su ne kawai. Bambancin launin ƙwandala kuwa farashi yake nunawa. A nan wasa ya rabu da caca.

Laifin ya fi rataya a wuyan masu ilimi: lauyoyi, ma'aikatan banki, malaman jami'a da 'yan majalisa, waɗanda suka san yadda tarkon ke aiki amma suka bar wa 'yan Hisba su kaɗai. Rufe shaguna, kamar yadda Hisbar Kano ta yi a 2024, yana da amfani, amma bai taɓa manhajar da ke aljihu ba. Uzurin cewa lamarin na gwamnatin tarayya ne shi ma ya faɗi: a Nuwamban 2024 Kotun Ƙoli ta soke ikon Dokar Caca ta Ƙasa ta 2005 a kan jihohi, ta ce tsara harkar na hannunsu. Jihar da aka katse wa layukan waya gaba ɗaya a Satumbar 2021 saboda tsaro ba za ta ce ba ta san ƙofar hukumar sadarwa ba.

Abin da ya rage shi ne Majalisar Dokokin Zamfara ta rubuta doka da ta ambaci caca ta intanet da sunanta, ta hana tallanta a rediyo da allunan titi, ta hukunta dillalan da ke loda wa matasa asusu, sannan gwamnati ta zauna da bankuna da kamfanonin sadarwa kan hanyoyin biya. Malaman makaranta da limamai kuma su ƙara wa wa'azin haramci bayanin yadda dabarar take, domin yaron da ya gane cewa lambar da ke allo guminsa ce da aka rina wa launi zai fi wuyar kamuwa.